Sanƙarau ma yana da dangi: aikin Dominique Caugant da tarihin cutar a Arewa

Rubutun nan yana da tsawo, don haka wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya adana shi sai dare. Na yi shi ne musamman saboda 'yan mikrobayoloji da 'yan bayokemistiri da ɗaliban aikin jinya, daga Kafanchan zuwa Gidan Waya zuwa Kachiya, amma ko tarihi kake karanta ka tsaya, domin labarin na tarihi ne.

Duk wanda ya zauna a ajin ilimin gadon bakteriya ya san sunayen da handawut ke jerowa: Griffith a 1928, Avery a 1944, Jacob da Monod a 1961. Mu haddace, mu zuba a jarrabawa, mu fito mu karkaɗe kai. Akwai sunan da ban taɓa cin karo da shi a handawut ba, alhali aikin mai sunan ya taɓa gidajenmu fiye da duk waɗancan. Sunanta Dominique Caugant, farfesa ce a Oslo, babban birnin Nowe, kuma ta daɗe tana shugabantar cibiyar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke dogaro da ita wajen tantance ƙwayar cutar sanƙarau. Ƙwayar da aka ɗebo daga bayan wani yaro a Sakkwato, a ɗakin gwajinta aka karanta asalinta.

Amma bari mu fara daga gida. Sanƙarau tsohon baƙo ne. A 1905, lokacin Zungeru ce hedikwatar Turawan mulki a Arewa, wani likitansu ya rubuta rahoton ɓarkewar cutar a garin, kuma rahoton yana cikin na farko-farko da aka samu daga Afirka ta Yamma. Tun daga nan take zuwa tana komawa, ta yi shiru wasu shekaru, sai ta dawo da ƙarfinta, kullum da rani, ta lafa da saukar ruwan farko. A 1963 wani likitan sojan Faransa, Lapeyssonnie, ya zana yankin da ta fi addaba, inda ruwan shekara yake tsakanin milimita 300 da 1,100. Ruwan da ke sauka mana a Kafanchan ya haura haka, to a taswirarsa mu a gefen tabarma muke. Sai dai ƙwayar cuta ba ta karanta taswira. Garin da ya tashi a kan mahaɗar jirgin ƙasa, wanda motocin Kano da Zariya da Jos ke sauke mutane a tasharsa kullum, ba zai ce abin da ya ci Doma ya bar Awai ba.

Zariya ta taka rawar da ya kamata kowane ɗalibin kimiyya a jihar nan ya sani. Daga 1970 zuwa 1980 Brian Greenwood yana Jami'ar Ahmadu Bello, shi da Hilton Whittle da likitocinmu na gida, kuma annobar 1977 a gabansu ta faru. A can aka gwada allurar chloramphenicol mai mai, wadda ake yi sau ɗaya maimakon a kwana ana huda majiyyaci, kuma sunan Sadiq Wali ne a farkon maƙalar da ta fito a 1979. Wannan allura ta zama makamin yaƙi da annobar a Sahel tsawon shekaru masu yawa. Ka ga ke nan wajen magani Zariya ta ba duniya wani abu. Tambayar da kayan aikin wancan zamani ba su iya amsawa ba ita ce: ƙwayar bana ita ce ta shekarun baya, ko baƙuwa ce? In baƙuwa ce, daga ina?

Abin da ya sa tambayar take da wuya shi ne, ƙwayar nan, Neisseria meningitidis, a maƙogwaron mutane take zaune lafiya lau. Kusan mutum ɗaya cikin goma yana ɗauke da ita bai sani ba. A ɗakin kwanan ɗalibai da aka gina don mutum huɗu ake kwana goma, to yi lissafi da kanka. Mafi yawansu ba sa yin komai. 'Yan kaɗan ne ke kutsawa cikin jini, su haura zuwa tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, wuya ya sanƙare, cikin kwana ɗaya ko biyu a rasa mutum. Masu yin haka kusan dukkansu suna sanye da wani sulke na sukari da ke kare su daga sojojin jini, kuma da irin sulken ake raba su rukuni-rukuni: A, B, C, W, X, Y. To amma sulke riga ce kawai. Mutum biyu za su iya sa riga iri ɗaya ba su haɗa kaka ba, wa da ƙane kuma su sa daban.

A nan Caugant ta shigo, kuma ta wata hanya mai ban dariya ta fara. Maƙalarta ta 1981, tare da Bruce Levin da Robert Selander a Amurka, ba ta shafi sanƙarau ba ko kaɗan. Bayan gidan mutum ɗaya suka bi tsawon wata 11, suka ware E. coli guda 550 daga ciki, suka tarar iri 53 ne mabambanta, wasu mazauna ne, wasu 'yan ci-rani, su kwana biyu su wuce. Wanda ke raina taken furojet ɗinsa ya tuna da wannan. Dabarar da suka yi amfani da ita, wadda masu nazarin gadon ƙudaje da ɓeraye suka riga su amfani da ita, mai sauƙin fahimta ce. A fasa ƙwayoyin, a zuba ruwansu cikin sitaci da aka dama ya daskare kamar agidi, a ba shi lantarki. Sinadaran da ke cikin ƙwayar sai su yi tsere, kowanne da saurinsa, kuma saurin ya dogara da abin da ke rubuce a DNA ɗinta. Ƙwayoyi biyu da sinadaransu goma sha wani abu suka tsaya wuri ɗaya, to 'yan gida ɗaya ne.

Mu 'yan ƙasar Nok bai kamata wannan tunani ya zama mana baƙo ba. A 1928 aka tono wani ɗan kai na yumɓu a wajen haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok, aka ajiye. Wajejen 1943 aka kai wa Bernard Fagg wani kan daga Jema'a, ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ce hannu ɗaya ne, al'umma ɗaya ce. Abin da ta yi wa ƙwayoyin cuta ke nan, sai dai ita da awo ta yi, ba da ido ba.

Da ta koma Oslo ta tarar da Nowe cikin annobar sanƙarau rukunin B da ta faro tun tsakiyar shekarun 1970. A 1986 ita da abokan aikinta suka nuna cewa zuriya ɗaya ce, wadda suka sa wa suna ET-5, ke kashe yara a Nowe, ita ce kuma a Kuba, ita ce a Cile, da wasu ƙasashen Turai. A ganina wannan maƙala ce ta canza yadda ake kallon cutar. Kafin ita, kowace ƙasa tana ɗaukar annobarta a matsayin masifar gida. Bayanta aka fahimci cewa akwai wasu 'yan zuriyoyi ƙalilan masu mugun hali, kuma suna hawa jirgi.

Mu ma jirgin ya sauke mana namu. A aikin Hajjin 1987 sanƙarau rukunin A ya ɓarke a Makka. Masu bincike, ciki har da rukunin Mark Achtman a Balin, sun bi sawun zuriyar: ta taso daga Sin, ta ratsa Nefal da Indiya, ta iso wurin da mutanen duniya ke haɗuwa, daga nan ta watsu. A 1988 tana Cadi da Sudan, sai Habasha, a 1995 tana Yamai, a 1996 ta sauka a Arewacin Nijeriya. Farfesa Idris Mohammed, wanda ya jagoranci yaƙi da annobar, ya buga alƙaluman shi da abokan aikinsa: mutum 109,580 suka kamu, 11,717 suka rasu. A nahiyar baki ɗaya, tsakanin 1996 da 1997, an haura mutum 250,000 da suka kamu, wajen 25,000 suka mutu. A wannan annobar ce kamfanin Pfizer ya gwada Trovan a kan yara a Kano, wanda labarinsa ya isa rubutu na daban. Kada wani ya ɗauki wannan a matsayin ɗora wa alhazai laifi. Duk inda jama'a suka cunkushe haka ƙwayar take yi, barikin soja ne, sansanin taron addu'a ne, ko hostal. Bayan annobar 1987 ne Saudiyya ta wajabta wa mahajjata rigakafi.

Dabarar sitacin nan tana da aibi guda babba. Sakamakon Oslo ba ya kwatantuwa da na Balin sai an aika ƙwayoyin da kansu an tsere su a faranti ɗaya. A 1998 aka warware wannan. Martin Maiden da Brian Spratt da Achtman da Caugant da wasu suka fito da hanyar da ake kira MLST: a karanta haruffan DNA na wasu ƙwayoyin gado da kowace bakteriya ke buƙata don harkar yau da kullum, yanzu guda bakwai ake karantawa, a ba kowane salo lamba, a haɗa lambobin su zama lambar zuriya. Lamba kuwa ana aika ta ta intanet. Zuriyar 1996 ta zama ST-5. Rumbun lambobin yana Oxford, kyauta ne, da wayarka za ka iya buɗe shi. A kan ƙwayar sanƙarau aka fara gwada hanyar, amma yau da ita ake bin sawun kwalara da sauran bakteriya barkatai. Ku lura, sunan Caugant a tsakiyar jerin marubuta 13 yake a wannan maƙala, ba farko ba, ba ƙarshe ba. A tsarin ƙarin girma irin namu, inda ake ƙirga maki bisa matsayin suna, da ɗan abin da za ta samu bai taka kara ya karya ba.

Yanzu ga inda lac operon ɗin da muka tsana ya shigo. Abin da Jacob da Monod suka gano a Cibiyar Pasteur ta Faris, wanda ya ba su kyautar Nobel a 1965 tare da Lwoff, shi ne bakteriya ba ta kunna duk ƙwayoyin gadonta lokaci guda. E. coli ba ta ɓata ƙarfinta wajen ƙera abin narka sukarin madara sai madarar ta zo. Akwai makunni, akwai mai gadi zaune a kansa. To ƙwayar sanƙarau ma haka take yi da sulkenta. A maƙogwaro sulken yana iya hana ta manne wa fata sosai, a cikin jini kuwa in babu shi ta mutu. Saboda haka tana da dabarun sawa da cirewa. Ɗaya ita ce, a cikin ƙwayar gadon sulken akwai wurin da harafi ɗaya ya maimaitu a jere. Wajen kwafi sai a zame, a ƙara ɗaya ko a rage ɗaya, karatun gaba ɗaya ya rikice, sulke ya ɓace, a wani zubin kuma a sake zamewa ya dawo. Ta biyun ta fi burge ni. A 2013 rukunin Christoph Tang a Oxford suka nuna cewa saƙon da ke ɗauke da umarnin ƙera sulken yana naɗe kansa idan wuri da sanyi-sanyi, kamar cikin hanci, ya ɓoye mafarin karatun. Zafi na ƙaruwa, kamar lokacin da mura ta kumbura wurin, sai naɗin ya warware, a ƙera sulke mai yawa. Ma'aunin zafi ne da aka yi da RNA. Kar dai ku je ku rubuta a jarrabawa cewa wannan ne dalilin da ya sa annoba ke zuwa a watan Maris. Bayanin da aka fi yarda da shi a can shi ne ƙura da bushewar iska suna raunata maƙogwaro, ga cunkoso a ɗaki.

Griffith ma yana da rabonsa. Abin da ya gani a 1928 shi ne ƙwayar ciwon huhu marar sulke ta ɗauki wani abu daga gawar mai sulke, ta zama mai kisa. Avery da abokansa suka tabbatar a 1944 cewa abin nan DNA ne. Ƙwayar sanƙarau gwana ce a wannan sana'a, tsintar DNA ɗin 'yan uwanta take yi a maƙogwaro ta liƙa a nata. Riƙe wannan, yanzu za ka ga amfaninsa.

A Disambar 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar. Kamfanin Serum Institute na Indiya ya yi ta a kan ƙasa da rabin dalar Amurka kowace ɗaya, don rukunin A kaɗai. Nijeriya ta yi nata tsakanin 2011 da 2014, jiha-jiha, ga masu shekara 1 zuwa 29, har da jiharmu. Da yawanku kuna firamare aka jera ku aka yi muku. Allurar ta yi aikin da ba a taɓa gani ba, rukunin A da ya shekara ɗari yana cin Sahel ya kusa ɓacewa.

Ana cikin murna, a 2013 sanƙarau ya ɓulla a jihar Sakkwato, a 2014 a Kebbi. Ƙungiyar likitocin MSF ta ɗebi samfur ta aika Oslo. Amsar da ta dawo: rukunin C ne, kuma zuriyar ba ta cikin rumbun duniya gaba ɗaya. Aka ba ta sabuwar lamba, ST-10217. A 2015 ta afka wa Yamai, mutum sama da 8,000 suka kamu a Nijar. Daga ƙarshen 2016 zuwa tsakiyar 2017 ta taso daga Zamfara ta bazu, aka ƙirga mutum 14,518 da ake zaton sun kamu, 1,166 suka rasu, ga ƙarancin allurar rukunin C a duniya.

To daga ina ta fito? A 2018 Caugant da Ola Brynildsrud da abokan aikinsu suka karanta DNA ɗinta kaf, suka kwatanta da abin da ke cikin firjinsu. Suka sami 'yar uwarta ta kusa a cikin ƙwayoyin da aka shafo daga maƙogwaron masu lafiya a Burkina Faso a 2012. Waccan ba ta da sulke, ba ta cutar da kowa. Abin da ya faru shi ne wata daga cikin zuriyar ta tsinci ƙwayoyin gadon sulken C, ta kuma ɗauki wani bairos na bakteriya da aka san yana tafiya da zuriyoyi masu kisa. Gwajin Griffith ne sak, sai dai a maƙogwaron wani bawan Allah a Sahel ya faru, wanda bai ma san an yi ba. Wannan karon ba jirgi ne ya kawo ta ba, a gida aka haife ta.

Ga abin da nake so 'yan uwana masu shirin digiri na biyu su duba. Caugant tana da maƙalu ɗaruruwa, amma ba yawan ne ya ba ta wannan amsa ba. Firjin ne. Shekara da shekaru tana karɓar ƙwayoyi, har da na mutanen da ba su da ciwo, tana ba su lamba, tana ajiyewa, ba tare da sanin wacce za ta yi amfani ba. Wanda ya shafo maƙogwaron nan a 2012 bai san yana riƙe da amsar annobar 2017 ba. Ni kuwa a sashen da na yi karatu, rabin ajinmu ganye muka jiƙa muka ɗiga a faranti muka auna da'ira, kuma mako guda bayan kare furojet aka zubar da komai, domin firjin da babu wuta akwati ne. Ba na raina aikin ganye. Amma babu wanda zai iya dawowa bayan shekara biyar ya tambayi ƙwayoyinmu wani abu.

Kuma kada a ce sai Turai. A Ede, rukunin Christian Happi ne ya fara karanta DNA, ko in ce RNA, na korona a Afirka a Maris 2020. A Ibadan, Iruka Okeke tana irin wannan aiki a kan bakteriyar gudawa da masu bijire wa magani, ta ma rubuta littafi sukutum a 2011 a kan illar yin magani ba tare da gwaji ba. Hukumar NCDC tana da babban ɗakin gwaji a Gaduwa, Abuja. Yanzu ga Jami'ar Tarayya ta Kimiyya a Kachiya, a harabar da a da ake kira Jami'ar Nok, wadda gwamnatin tarayya ta karɓa a 2025. Ni dai da za a tambaye ni abin da za a fara saya, kafin babbar ƙofa da fenti, zan ce firji mai tsananin sanyi, da sola da za ta riƙe shi, da littafin rajista.

Matakin farko ma ya fi wannan araha, kuma a nan aka fi faɗuwa. A annobar 2017 kaɗan ƙwarai daga cikin dubban majiyyatan aka tabbatar da cutarsu a ɗakin gwaji. Ƙwayar da ke kashe mutum cikin kwana ɗaya raguwa ce a waje, sanyi yana kashe ta, bushewa tana kashe ta. 'Yan aikin jinya ku riƙe wannan: ruwan lakar da aka ɗebo don a shuka ba a sa shi a firji, saɓanin yawancin samfura. Akwai kwalba ta musamman mai abincin da ke riƙe ƙwayar da rai a hanya, kuma a ɗebi ruwan kafin allurar farko in hakan ba zai jinkirta magani ba. In zai jinkirta, magani ne gaba. Mu sauran kuma, abokin ɗaki ya tashi da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, ya kasa sunkuyar da wuya, haske yana damunsa, ba batun farasitamol da "bari mu ga gobe" ba ne, a nemi mashin a tafi asibiti a daren.

A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV, aka soma da Jigawa da Bauchi da Yobe. Tana kare rukuni biyar: A, C, W, Y da X. Kusan kowane harafi a jerin nan yana da annobar da ta sa shi ciki. W ya bayyana a Hajjin 2000, ya afka wa Burkina Faso a 2002. X ya yi ɓarna a Nijar a 2006, kuma kafin wannan allurar babu rigakafinsa ko ɗaya. Rukunin B, wanda ya fara kai Caugant ga wannan aiki a Nowe, ba ya cikinta.